Shekarar da Tsani Ya Bar Gidanmu

Bana ma ruwa ya yi nawa. Tun safe nake jan tabarma daga wannan inuwa zuwa waccan, ko'ina zafi kamar bakin murhu. Hadari yakan taso ta gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman akurki, sai iska ta zo ta watsa shi, ta bar mu da ƙasa a ido. Ni kuwa in bazara ta yi irin wannan tsawo ba na iya zama wuri ɗaya. Yaran gidan nan suna cewa rigimar tsufa ce. Su dai ba su sani ba.

Jiya jikana Bello ya shigo yana huci, ya jingine kekensa har ya kusa take mini buta. Na ce, "Kai angona, wa yat taɓa ka?" Ya ce shugaban ƙungiyarsu ta manoma ne, mai raba musu taki da iri.

"Kaka, wa'adinai ya cika, ya ce ba ya sauka. Wai shekara ta ɓaci, ba a canza shugaba cikin hwari, sai an ga bayan damana. Kuma wai manya na bayanai."

Na lumshe ido. Ya ɗauka barci ne ya sace ni. Ina fa barci, zuciyata ce ta koma gidanmu na dā a Ƙofar Taramniya, shekarar da aka yi yunwar nan, Nasara, wato Turawa, ba su daɗe da cin garin ba. Na ce ya zauna. Ya zauna yana ta ƙaiƙayi, shi ma ba mai zama ba ne, ni ya biyo.

A lokacin unguwarmu manoma ne kusan duka, gonaki a bayan ganuwa. Muna da rumbu guda na unguwa, babba, na laka, a fili kusa da rijiya. Ba na ci ba ne, na iri ne. Kowace kaka kowane maigida zai zaɓi damin geronsa mafi kyawun zangarniya ya kawo, a jera a ciki, a barbaɗe da toka saboda ƙwari, a liƙe bakin da laka, a ɗora masa jinka. Bakin yana can sama, ba mai kai wa sai da tsani. Tsanin kuwa guda ne tak, gungumen giginya da aka sassaƙa wa matakai, kuma ba a barinsa jikin rumbu. Yana kwance a gidan wanda aka ba amana, shi ake kira Mai Tsani.

Ka'idar da kakanni suka aza, kowa ya san ta tun yana goye. Mai Tsani damana uku yake yi. In ya tara damin kaka ta uku ya liƙe, shi ke nan, aikinsa ya ƙare sai gadi. Akwai wani gawo a gindin rijiyar, shi kuwa gawo sai damana ta gabato yake zubar da ganye. Ranar da ya zube ƙarƙaf, tsani zai bar gidan ya koma gidan wanda dattawa suka zaɓa tun kaka. Sabon Mai Tsani shi ke faɗin ranar buɗewa, ba mai ja da shi, shi ke rabawa. Ba a maimaita mutum, ɗa ba ya karɓa hannun uba. A shekara mai lafiya ba wanda ke damuwa da wannan, gawo ya zube, ruwa ya sauka, a buɗe, a shuka, duk kusa da kusa.

To a shekarar nan, maigidana ne Mai Tsani, ya gama damanarsa ta uku. Ba zan faɗi sunansa ba, ban taɓa ba, Malam nake ce masa har ya koma ga Allah. Mutum ne mai sanyin magana da taurin kai, in ya ce a'a sai ka ji kamar ka daki bango. Muna da ɗiya guda, ta fari, ba ta daɗe da yaye ba. Ita ma ba a jin sunanta a bakina, ɗiyar fari ce, kunya ba ta bari. Ko ɗaukarta ba na yi a gaban mutane, sai in ce "wannan yarinyar" in kau da kai, kamar ba ni na haife ta ba.

Damanar da ta gabata ruwa ya ɗauke gero na cikin bunni, bai kai ga yin ƙwaya ba. Abin da muka girbe ko rabin na kullum bai kai ba. Duk da haka Malam ya bi gida-gida ya karɓi damin iri, wasu suna bayarwa suna zaginsa a ciki. Namu shi ya fara kaiwa. Na tsaya ina kallon damin nan yana fita, na ce, "Malam, wanga hwa shi na mai kyawun." Ya ce, "Don haka nika kai shi."

Da farko tuwo sau ɗaya a yini. Daga nan sai kunu mai ruwa-ruwa. Daga nan dusar da muke ba awaki muka koma tankaɗe ta, awakin kuma aka yanka ɗaya bayan ɗaya, ba nama a jikinsu sai fata. Da rani ya yi nisa sai kulle ya tashi, ba wanda ya ce ya tashi, da kansa ya tashi. Mu mata muka fita. Mu sauka fadama mu tsinko bado, mu shanya, mu daka. Mu share karangiya a bakin hanya, ƙaya na cin yatsu, mu sussuka ta don ɗan ƙwayar da ke ciki, yini guda ka samu abin da bai cika tafin hannu ba. Mu tona gidan tururuwa mu ƙwace abin da suka tara. Anza kuwa, ɗacinta sai an jiƙa a zubar, a sake jiƙawa a zubar, kuma ko an dafa sai ta murɗa maka ciki. Har yau in na ga anza sai miyau ya tsinke mini, ba na marmari ba.

Mutanen arewa suka riƙa shigowa ta ƙofofi, da tsofaffi, da jakuna marasa kaya. Suna zaune a gindin ganuwa ba sa ko roƙo, kallo kawai. Garin ya yi tsit. Abin da ya fi damuna ke nan, ba a jin daka. Unguwa guda da hantsi, ba turmi ɗaya da ke ƙara.

Duk wannan, ga tsani kwance a tsakar gidana, jikin katanga. In na fito ɗaki shi nake fara gani. Na tsani gungumen nan, wallahi na tsane shi. Ga gero can a fili, ana jin ƙanshinsa in rana ta buɗe, ga abin hawa a gidana, ga yarinya tana bin bango ƙafafu sun fara kumbura.

Sai magana ta fara yawo, wai gidan Mai Tsani ana ci a ɓoye. Wata maƙwabciya ta shigo ɗiban wuta, alhali na ga hayaƙi a gidanta, ta tsaya tana leƙen tukunyata. Na buɗe mata murfin na ce, "Dibi da kyau, anza ta. Ko in zuba miki?" Ta fita ba sallama. Ran nan na yi kuka don haushi. Ba mu ci ba, kuma an ce mun ci.

Wanda dattawa suka zaɓa ya karɓi tsani shi ne Ladan, yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Mutum ne mai zafi, mai dariya da ƙarfi, shi ya goya ni ina ƙarama. A bazarar nan ya binne 'ya'yansa biyu, ɗaya na bin ɗaya. Da aka dawo daga maƙabarta na biyun ya tsaya a ƙofar masallaci ya ɗaga murya, har mu da ke cikin gida muka ji.

"Na rantse da Allah, ranar da tsani yas shigo gidana, ran nan za a yi daka unguwar ga! Iri don wa, in masu shukar sun mutu?"

Daga ran nan na koma mai gadin gawo. Ba ni kaɗai ba. Mace ta zo rijiya, guga a hannu, ido a sama. In na je da safe sai in koma da azahar, ko tulun bai ƙare ba in zubar a randa in sake fita. Ganye ya fara ja, ya fara sauka ɗaya-ɗaya, kamar da gangan. Wasu matasa suka je da sanduna suna jifa, sai Liman Modi, tsohon limaminmu, ya fito ya kore su, ya ce ganyen da hannu ya kaɗo ba ya cikin lissafi. Na ji haushin tsohon nan ƙwarai, don da a bar ni, da kaina zan hau in girgiza.

Malam ya san abin da nake jira. Ya rame har rigarsa ta yi masa yawa, rabonsa na anza yakan ture wa yarinyar in ya ɗauka ba na gani.

Ana cikin haka sai ga Mai Unguwa Dikko. Shi sabon rawani ne, bayan zuwan Nasara aka naɗa shi don tara haraji. Ba mugu ba ne, in faɗi gaskiya, matsoraci ne dai, kullum yana waiwayen na sama da shi. Ya zo da hantsi, suka zauna a zaure, ni kuwa na manne da bango ina ji.

"Malam, gawo na zuba, ka gani na gani. Ladan ya rantse. In anka cinye iri mi za a shuka? In ba a shuka ba, mi zan hwaɗa ma na bisa? Ka zauna bisa tsaninka. Ni nic ce ka zauna."

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, ka'idar ga ba kai ka aza ta ba, ba ni ba."

"Waɗanda sunka aza ta suna kabari, ni ina da rai! Yanzu zamani ya sake. Duk wani riƙo da ac cikin unguwar ga, ƙarƙashin rawanin ga shike. Nasara ba ya son yau wanga gobe wancan, suna guda shika so ya sani. Ka riƙe har in ce ka sauka. Zan sa a turo dogarai su tsare maka ƙohwa."

Na ƙara manna kunne da bango. Don na san Malam, na san abin da ke ransa. Shi ma ya yi imani in aka buɗe rumbun nan unguwa ta mutu. Ga shi an kawo masa abin da yake so har zaure, da rawani, da dogarai. Bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ya raka Mai Unguwa ya dawo ya zauna kan tsanin, a rana, ya dafe kai.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce, "Malam, damanarka ukku ta cika. Ka tara, ka liƙe, an zage mu, mun haɗiye. Mi yas saura? Ka ba Yaya abinai!"

Ya ce, "Ladan bai san abin da ac cikin rumbun nan ba."

"To ka bari ya sani mana! Kai kaɗai Allah ya ba ido?"

Ya ɗago ya dube ni, ya dubi yarinyar tana kwance a ƙofar ɗaki ƙuda na bin bakinta. Ya tashi ya fita.

Daga baya na ji masallaci ya tafi, ya tambayi Liman Modi a gaban jama'a ko wa ke da ikon sake ka'idar tsani. Liman ya ce ba shi ba, ba Mai Unguwa ba, ba Mai Tsani ba, sai masu dami a ciki, in bakinsu ya zo ɗaya. Aka tara magidanta. Ina bakin zai zo ɗaya! Masu ɗan sauran abin ci a ɗaka suka ce Malam ya zauna, waɗanda tukunyarsu ta bushe suka ce ya sauka, aka yi ta hayaniya har wani ya ɗaga takalmi. Liman ya ce tunda ba a daidaita ba, ka'ida na nan inda take. Mai Unguwa kuma ya ce maganarsa na nan inda take. Washegari dogarai biyu suka zo suka zauna a ƙofarmu, su ma wuyansu kamar na zabo.

Kwanakin da suka biyo ban san yadda na yi su ba. In ɗauki tsintsiya in ajiye. In shiga ɗaki in fito. Zafi ya kai inda ko ƙadangare ba ya fitowa, ruwan randa kamar an ɗora a wuta. Da la'asar hadari ya haɗu, kowa ya fito ya tsaya, a ji iska mai sanyi ta taɓa fuska, sai ya wuce yamma ya bar mu. An fita roƙon ruwa, an dawo. Yarinyar ta daina kuka, ni kuwa da kukan na fi so. Malam ba ya magana da kowa, in ya dawo masallaci sai ya tsaya kan tsanin nan yana kallo, ni ina kallonsa.

Ranar da gawo ya zube, ni na fara gani. Na je rijiya da sassafe, na ɗaga kai, rassa fari fat, ba ganye ko ɗaya. Na bar tulun a can. Na shigo ina haki, na tsaya a gabansa. Ya gane.

Ya daɗe zaune. Sannan ya tashi ya naɗe hannun riga, ya durƙusa ya cicciɓi gungumen nan. Ko da lafiya, mutum biyu ke ɗaukarsa. Ya ɗora a kafaɗa yana tangaɗi, ya nufi zaure. Dogari ɗaya ya miƙe ya ce, "Mai Unguwa ya ce kada tsani ya hita."

Malam ya ce, "To riƙe ni."

Dogarin ya dube shi, ya dubi ɗan'uwansa, ya ga lungu ya cika da mutane. Bai riƙe shi ba. Da Malam ya kusa faɗuwa a kwanar lungu, shi ne ma ya tallabi gindin tsanin. Na saɓi yarinyar na goya, a gaban kowa, na bi su. Ran nan ban san kunya ba.

Yaya Ladan na tsaye a ƙofar gidansa. Malam ya sauke tsanin a gabansa, ya ja numfashi ya ce, "Ga amanar jama'a. Na tara, na liƙe. Da ni na, ba ni buɗewa sai ruwa ya sauka, kuma ka ji na hwaɗa gaban mutane. Amma yau ba ni na ba."

Mai Unguwa ya iso da gudu-gudu, rawani ya karkace, yana cewa za a gani, za a gani, zai kai magana gaba. Ba wanda ya kula shi. Yaya ko cikin gida bai shiga da tsanin ba. Ya ce a ɗauka, aka ɗauka, sai fili.

Ban taɓa ganin taro irin wannan ba a unguwarmu. Kowa da abin hannunsa, ƙwarya, akushi, wani ma hularsa ya cire ya riƙe. Ni da ƙaramar ƙwaryar da nake dama kunu. A raina har na dama, har na ga yadda zan tallabi kanta in ba ta da ludayi. Aka jingina tsani. Yaya ya hau, ya ture jinkar, ya sa gatari ya fasa lakar. Ƙanshin gero da toka ya sauko mana. Wata tsohuwa kusa da ni ta fashe da kuka.

Ya zura kai. Sannan ya zura jiki duka ya shige. Muka tsaya. Rana na dukan mu, ba mai motsi. Ya daɗe ƙwarai, har aka fara cewa ko suma ya yi a ciki. Can sai ga kansa ya fito, fari da toka. Ya zauna a bakin rumbun, hannu wayam. Ya dubi taron daga wannan gefe zuwa wancan, kamar yana ƙidayar bakuna.

Ya ce, "Ku kawo laka."

Ba wanda ya gane da farko. Wani ya ce, "Mi kac ce?"

"Nic ce ku kawo laka! Abin da ac ciki, in munka ci, ba ya kai mu sabon wata. In munka shuka, ya kai mu baɗi. Na rantse, na sani, zan yi kaffara. Ku kawo laka."

Ban san lokacin da na ratsa maza na isa gindin tsanin ba. Na kwance goyo na ɗaga yarinyar sama da hannu biyu, ba ta da nauyi. Na ce, "Yaya! Yaya, dibi!" Na kira sunanta. A gaban Liman, a gaban Malam, a gaban dattawan unguwa, na kira sunan ɗiyata ta fari da ƙarfi, na ce ita ce, ita ce ka yi wa huɗuba da bakinka, ƙwarya guda nake roƙo.

Ya dube ta. Hawaye ya wanke tokar fuskarsa layi biyu. Ya ce, "In nib ba ki, ƙanwata, wa zan hana?"

Da Malam ne ya faɗi wannan magana, wallahi da an kayar da rumbun nan da shi a kai, don an riga an ce ya ci ya ƙoshi. Amma Ladan ne, wanda ƙasar kabarin 'ya'yansa ba ta gama kwanciya ba. Ba wanda ya iya ce masa bai san yunwa ba. Mutane suka tsaya, suka tsaya, sannan aka fara juyawa ɗaya-ɗaya da ƙoren a kife. Mai Unguwa ya gyara rawaninsa ya sulale. Malam ne ya ja ruwa a rijiya ya kwaɓa lakar da ƙafarsa, ya riƙa miƙa wa Yaya curi-curi. Ina zaune a ƙasa ina kallon mijina da yayana suna liƙe bakin rumbun.

Ruwa ya sauka bayan wata ya kama, da la'asar, irin mai ƙarfin nan da ke fasa katanga. Ƙanshin ƙasa ya tashi, yara masu sauran ƙarfi suka fito tsirara. Washegari Yaya ya buɗe, ya raba, gida-gida, ba wanda ya ce an cuce shi. Aka sussuke a fili a gaban kowa, aka fita gona duka, maza da mata. Maza na sara da sungumi suna hutawa, mu muna bin su muna jefa iri muna rufewa. Gero a ƙwaryata, yarinya a bayana, ina jefa shi a rami ina turbuɗewa da dugadugina. Ban taɓa yin aikin da ya yi mini ciwo kamar wannan ba.

Tafasa da rama suka fito, aka samu ganye. Amma cikin yarinyar ya riga ya ƙi karɓar komai. Gero ya kai gwiwa, kore shar, gwanin kyau, ta rasu da hantsi a cinyata. Aka ce in yi haƙuri, na yi. Ban yi kuka a gaban mutane ba, ɗiyar fari ce.

Kakar nan Allah ya ba da gero har ana rasa wurin zubawa. Unguwannin da suka cinye irinsu suka zo suna ƙodago a gonakinmu. Ranar da aka fara karya tumu, Malam ya gasa zangarniya guda ya kawo mini ɗaki, ya sa a hannuna da zafinta. Na riƙe har ta huce. Na ajiye.

Ban ƙara shiga gidan Yaya ba har ya gama damanarsa uku. In mun haɗu a biki ko rasuwa, gaisuwa ce kawai. Ranar da gawo ya zube masa, Mai Unguwa ya sake zuwa da irin maganarsa, shi ma bai tsaya ji ba. Ya saɓi tsanin da kansa, hanyarsa ta bi ta ƙofarmu. Ya tsaya, ya jingina shi, ya yi sallama ya ce a ba shi ruwa. Na daɗe a tsaye da moɗa a hannu kafin in fita. Ya sha, ya miƙo mini. Daga ran nan muka koma gaisawa kamar mutane.

Rumbun ya rushe tun tuni. Gawon ma an sare shi da aka zo faɗaɗa hanya. Yanzu iri a buhu yake zuwa cikin mota, ba wanda ya san gonar da ya fito.

Bello ya saurara har ƙarshe, abin da ban zata ba. Ya ce, "To Kaka, wa yay yi daidai? Kakana ko Baba Ladan?"

Na ce, "Ubanka bayan kakar nan anka haihe shi, geron nan ya ci yag girma. Kai ma daga nan ka hito. Ni dai har yau ban iya cin tumu."

Ya riƙa wasa da bakin tabarma. Can ya ce, a hankali, "Mi sunanta?"

Na ce, "Sau ɗai nif faɗe shi, gindin tsani, kuma bai buɗe rumbu ba. Tashi ka dibo mani gabas, ko hadarin nan ya taso."

Ya fita ya duba, ya dawo ya ce bai taso ba. Na ja tabarmata na koma ɗaya inuwar.